Furar Sallama

Ƙanena Nasrullahi ɗan dambe ne, damben zamani, na safar hannu da alƙalai a zaune suna ba da maki. Dole in fara da wannan bayani, don har yau akwai mutane a Tudun Wada da in ka ce musu ɗan dambe sai su tambaye ka wa ke yi masa kiɗa. Ya wakilci jiha, ya wakilci ƙasa, ya fita waje sau biyu, a na biyun ya dawo da lambar tagulla. Ba damben neman kuɗi yake yi ba. Irin wanda ake yi don tuta ne, a ba ka riga mai kore da fari, a ɗauke ka hoto, in an gama ka koma shagon waldarka a Tudun Jukun.

Ni ce yayarsa, Hajo. Tun da iyayenmu suka rasu, ni ma na rasa mijina na dawo gidanmu, ni ke dafa abin da yake ci. A bakin murhu na koyi abin da babu wanda ya damu ya sani a danginmu: a wannan dambe ba a haɗa ka da kowa sai sa'anka a nauyi. Nasrullahi yana ajin kilo hamsin da bakwai. Ranar da za a buɗe gasa, da safe kowa sai ya tuɓe ya hau sikeli. In ka ɗara, ko da nauyin ƙwai ɗaya ne, an gama da kai, babu roƙo, babu a duba Allah a duba Annabi. Shi kuwa jikinsa in an sake masa, sittin da ɗoriya yake so. Don haka duk lokacin da gasa ta gabato sai mu shiga wani irin azumi da babu lada a cikinsa. Kifi gasasshe ba mai, dafaffen ƙwai, zogale, tuwo ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Gishiri kuwa sai dai ya ji ana labarinsa.

Danginmu gidan karatu ne, haka dai suke faɗa, kodayake yawancinsu rabon su da buɗe littafi tun suna da baƙin gemu. Babbansu a yanzu shi ne Baffa Jumare, ƙanen mahaifinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati. Mutum ne da ba a kafa kwamiti a unguwa bai zama shugaba ba, ko da na yashe kwata ne. In ya riƙe lasifika a wurin ɗaurin aure sai wuta ta ɗauke ake samun sa'ida. Shekarun da Nasrullahi yake fita gudu bayan sallar asuba da takalmin da na ɗinke masa da zaren lilo, Baffa cewa yake yi yaron ya zubar mana da mutunci, jikan malamai ya koma ɗan tasha. Ko ruwan leda bai taɓa saya masa ba. Ranar da aka nuna shi a talabijin da lambar tagulla a wuya, washegari Baffa ya wayi gari da sabon suna a baki, ɗanmu. Ya sa aka wanke hoton ya rataye a falonsa, sama da na ranar da aka yi masa ritaya.

Gasar da nake ba da labarinta ita ce babbar. Ta share fage ce, a wata ƙasa ta Arewacin Afirka, kuma wanda ya kai wasan ƙarshe a ajinsa shi zai tafi wasannin duniya. Nasrullahi ya doshi talatin. Koci Mika'ilu, tsohon sojan da ya koya masa dambe tun yana ɗan saurayi, bai ɓoye masa ba: wannan ce ta ƙarshe, in ta wuce shi yara masu jini a jika suna baya suna jira. Kuma a wannan karon yana da hali. Wanda ya fi ba shi tsoro a ajin ya hau aji na gaba, sauran kuwa ya san hannunsu.

A da, daga sansanin horo ake kwashe su kai tsaye zuwa filin jirgi, dangi sai dai su ji a rediyo. Wannan karon masu kula da tafiyar suka tashi sansani tun da wuri, suka ce kowa ya koma gida ya jira kira. Ya dawo mini daidai yadda ake so, hamsin da bakwai da rabi. Koci ya ce rabin nan ba komai ba ne, a hanya zai tafi. Aikina kawai in riƙe shi a haka.

Sai ga Baffa da hantsi, da babbar riga da sanda. Bai ko zauna sosai ba ya ce ya ji ɗanmu yana gari, kuma wannan karon babu uzuri. Sau biyu yana ƙetare teku bai yi wa dangi sallama ba, ana ta yi masa gori a kai, shi Baffa. Ɗan gidan mutunci ba ya tafiya haka kamar ɓarawo. Zai zaga gida gida, a sa masa albarka, a yafe masa, kuma shi da kansa zai kai shi a motarsa.

Ni na san abin da Baffa yake so. So yake a gan shi yana fitowa daga mota da ɗan dambe a bayansa. Na kuma san mece ce sallama a danginmu. Ba ka shiga gida ka ce za ka yi tafiya a bar ka ka fita da bushewar baki. Na durƙusa na yi masa bayanin sikeli dalla-dalla, na ce a bari in ya dawo ya zaga, har kwana ma ya yi a kowane gida in ana so. Baffa ya saurare ni yana kallon rufin ɗaki.

“Hajo, wa ya ba ki tabbacin zai dawo?” in ji shi. “Rai a hannun Allah yake. Sallama kafin tafiya ake yin ta.”

Da mutum ya jawo mutuwa cikin magana, ka san ya rufe ta. Na juya na kalli Nasrullahi. Yana tsugunne a gefen tabarma, kansa a ƙasa, yana wasa da yatsun ƙafarsa.

Nan ne abin da ke ci mini rai game da ƙanena. Na taɓa ganin bidiyon da wani ƙato ya fasa masa gira, jini na zuba masa a ido, ya ci gaba da kutsawa kamar ba jikinsa ba. Mutumin nan ba ya tsoron naushi. Amma a ajiye masa tsoho mai furfura a gabansa, sai ya koma ɗan shekara bakwai. Bai taɓa iya cewa a'a ga wanda ya girme shi ba. Mutane suna yaba masa, suna cewa yaro mai kunya, mai ladabi. Ni da na san abin da kunyar take jawo masa ban taɓa ganin abin yabo a ciki ba. Da Baffa ya fita na tsare shi a tsakar gida, ya rantse mini taɓawa kawai zai yi, ya kai baki ya ajiye. Na ce to da ni za a je.

Gidan Gwaggo Zinatu muka fara zuwa, a Gyallesu, don ita ce babba a mata. Tun kafin mu gama gaisawa aka shigo da ƙwarya. Ba ƙaramar ƙwarya ba, irin wadda ake dama wa masu aikin gona ce, fura da kindirmo, ta sha sukari har tana danƙo. Gwaggo ta ce da hannunta ta dama, ita da ciwon gwiwa ya hana ta tashi. Nasrullahi ya ɗauki ludayi ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce alhamdu lillahi. Na ji daɗi a raina. Gwaggo ta dubi ƙwaryar, ta dube shi, ta dube ni, sai ta jawo bakin mayafinta ta kai ido.

“Ko an ce maka zan sa maka wani abu ne a ciki?”

Shi ke nan. A danginmu babu zargin da ya kai wannan muni, a ce ka ƙi cin abincin ɗan'uwa don kana tsoron ya yi maka asiri. Na buɗe baki zan yi bayani, Baffa ya ɗaga mini hannu. Gwaggo ta ci gaba, ta ce ta goya ubanmu a bayanta, yau ga ɗansa yana ƙyamar ƙwaryarta. Nasrullahi ya ajiye ludayin ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka har ya ga gindinta. Hawayen Gwaggo kuwa tuni suka bushe, tana ta sa albarka baki har kunne.

Daga nan babu sauran dabara, don wanda ya shanye furar Zinatu ba shi da bakin da zai ƙi wainar wani gida. Kuma Baffa bai bar abin ya ɓuya ba. Kowane gida muka shiga, da an kawo kwano Nasrullahi ya fara noƙewa, sai Baffa ya yi dariya ya ce, ai a Gyallesu tas ya yi wa ƙwarya. Nan take fuskar matar gida za ta canza. Wato ta Zinatu ce abinci, tata guba ce? A Dutsen Abba waina da miyar taushe. A cikin birni dambun shinkafa yana ninƙaya a mai. Wani gidan funkaso, wani farfesun kayan ciki da gishiri kamar an kifar da buhu. Matan danginmu da suka shekara ba sa ga maciji da juna sun sami filin gasa, kuma cikin ƙanena ne filin. Babu wadda ta tambaye shi da wa zai kara, ko a wace ƙasa. Abin da kowacce ke son sani shi ne ko ya ci nata fiye da na waccan.

Ba a gama a yini ɗaya ba, don dangi suna da yawa, kuma Baffa ya gano wasu da ni ban taɓa jin sunansu ba. A rana ta biyu ya ce motar ta cika, ba wurina. Aka rufe da walima a ƙofar gidansa, da rumfa da kujeru da lasifika. Ya yi jawabi a kan yadda ya raini yaron nan tun yana tsumma, ya hango baiwarsa tun kowa bai gani ba. Masu tafi suka tafa. A cikinsu har da waɗanda suke rufe ƙofa in sun hango Nasrullahi da jakar horo, kada ya lalata musu yara.

Kullum da asuba yana fita gudu don ya rage, amma abin da mutum ya zuba da ƙwarya ba ya fita da cokali. Da Koci Mika'ilu ya zo ya ɗora shi a kan sikeli a tsakar gidanmu, allura ta wuce sittin. Koci bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon sikelin, sannan ya cire hularsa ya share fuska da ita. Ya ce in kiran ya ƙara jinkiri za a iya ceto abin, a hankali, ba tare da an kashe shi ba. Ni kuwa na ce da ma ya mare shi, ko na huce.

Kiran ya zo a ranar da la'asar. Su hallara washegari, kuma yadda aka tsara jirgin, sai jajibirin awo za su sauka. Ba da Koci za a tafi ba, masu horarwa na ƙasa ne ke rakiya. Ya ja Nasrullahi gefe ya yi ta faɗa masa abin da zai yi da wanda ba zai yi ba, ya ce in ya ga abin ba zai yiwu ba kada ya halaka kansa. Ni na buɗe jakarsa na kwashe guzurin da aka cusa masa, kilishi da dambun nama da alkaki da nakiya, na zube su a ɗakina. Da muka je tasha sai ga Baffa da wata leda, ya ce ya ji an manta da guzuri. Nasrullahi ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan ya dawo. Daga Zariya har waccan ƙasar bai sa komai a cikinsa ba, ruwa ma sai dai ya kurkure baki ya tofar. Da safen awo ya naɗe jikinsa da leda, ya ɗora rigunan sanyi, ya yi ta gudu a bayan masauki har gumi ya daina fita. Ya yi ta tofar da yawu a gora. Ya sa aka aske masa kai ƙwal. Da aka kira sunansa ya tuɓe ya hau. Abin da ya ɗara bai kai nauyin sabulun wanki ba, amma dai ya ɗara. Mai awo ya rubuta, ya kira na gaba. Nasrullahi ya sauko, ya yi taku biyu, ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti ya farka da ƙarin ruwa a hannu. Da rana abokin karawarsa ya hau fili shi kaɗai, alƙalin wasa ya ɗaga masa hannu, ya sauka ko gumi bai yi ba.

Wani ya ɗauki faɗuwar a waya. Kafin Nasrullahi ya iso gida bidiyon ya zaga Tudun Wada, daga masu shayi har matan aure. Ga shi nan daga shi sai gajeren wando, haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, ido ya faɗa, ya zube kamar tsumma. Ba wanda ya ga sikelin a hoton, ba kuma wanda ya tambaya.

Baffa ya tara dangi a gidanmu, wai jaje. Maza a kan tabarmi, mata daga bakin ɗakuna, har Gwaggo Zinatu an ɗauko ta a mota duk da ciwon gwiwar. Aka zaunar da Nasrullahi a tsakiya. Baffa ya fara da addu'a, ya bi da ƙaddara, sannan ya gyara zama ya zo inda yake son zuwa. Ya ce kowa ya ga hoton nan. Yaro ya je gaban duniya ya faɗi don yunwa, kamar wanda ba shi da kowa. Su dangi sun yi iyakar ƙoƙarinsu a 'yan kwanakin da suka samu, amma abin da aka shekara ana yi ba ya gyaruwa a kwana biyu. Akwai wadda ta mayar da ɗan mutane akuya, ganye safe ganye dare. Ya ji ma har guzurin da aka haɗa masa ta kwashe ta ɓoye a ɗakinta.

Duk ido ya dawo kaina. Gwaggo ta ce ita tun da ta ga yadda ya rarumi ƙwaryar nan ta san yaron a yunwace yake.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba yunwa ce ta hana shi dambe ba, nauyi ne. Ya ɗara abin da ake so, kuma fura da waina da dambun da aka ɗura masa ne suka ɗara da shi. Faɗuwar da suka gani, wajen ƙoƙarin fitar da abincinsu ya yi ta. Sai tsakar gida ta ɗauki dariya. Wani ya nuna Nasrullahi da baki ya ce wannan ne ya yi nauyi? Wata ta ce in wannan ya yi ƙiba, to su sai a kira su me. Mutanen da ba su taɓa ganin sikelin dambe ba, ba su san zagaye nawa ake yi ba, suna dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa raina taron mutane irin na ranar ba, kuma duk jinina ne.

“Ga shi nan a zaune,” na ce. “Shi ya hau sikelin. Ku tambaye shi.”

Baffa ya juya a hankali, ya sassauta murya irin yadda yake yi in yana son a ce shi mai tausayi ne.

“Ɗana, kada ka ji nauyin kowa. Faɗa wa iyayenka gaskiya. Ba yunwa ce ta kayar da kai ba?”

Nasrullahi bai ɗago ba. Ina ganin ƙeyarsa da sabon aski. Ya san abin da ya rasa, ya san wanda ya jawo, ya san shekarun da na yi ina auna masa loma. Kalma ɗaya nake jira. Ba za ta dawo masa da gasar ba, amma ita kaɗai ta rage da zai iya yi.

“Haka ne, Baffa,” ya ce.

Aka yi ta salati ana girgiza kai. Baffa ya yanke hukunci cewa daga yau abincin ɗanmu daga gidansa za a riƙa kawowa, har ya murmure. Aka shafa fatiha, aka watse, matan suna wuce ni suna kauda kai.

Bayan la'asar ina tankaɗe a bakin ɗakina sai na ga inuwarsa. Ya daɗe a tsaye kafin ya tsugunna.

“Yaya Hajo, kin san ba zan iya ƙaryata Baffa a gaban mutane ba.”

Ban daina tankaɗen ba.

“Na sani,” na ce. “Ni ce kake iyawa.”